Ranar Da Na Kai Wa Surukata Tsutsa

Ba zan taɓa mantawa ba da Juma'ar da na fara kai wa uwar mijina abinci, ko da kuwa na tsufa haƙora sun zube.

A lokacin ina amarya, ina kuma koyar da 'yan aji biyar a wata firamare a Makarfi. Muka zo darasin malam-buɗe-littafi, na zana musu a allo: ƙwai ne a kan ganye, ya ƙyanƙyashe tsutsa, tsutsar ta ci ta ƙoshi, ta rufe kanta cikin ɓawo kamar ta mutu, sannan ta fito da fukafukai. Yaran nan suka dube ni kamar mai yi musu tatsuniya. Ni kuwa ba a ƙaryata ni in kwana lafiya (tun a gidanmu ake fama da wannan halin nawa). Na ce to, gani ya kori ji.

Na tsinto tsutsotsi a jikin lemun tsamin tsakar gidanmu. Wurin ajiya fa? Sai idona ya faɗa kan kulolin da aka yi min jere da su, iri ɗaya, kala ɗaya. Na ɗauki guda, na zuba yashi mai danshi, na kafa rassan lemu, na rufe bakin da yankin tsohon gidan sauro. Kullum sai na sa musu sabon ganye. Wasu suka rufe kansu, wasu suna ta ci abinsu.

Ana haka maigidan ya ce ranar Juma'a za mu Dandamisa gaida Inna, mahaifiyarsa. Dama tun kafin biki labari ya iso min cewa Gwaggo Lanti, yayar babansa, ta ce 'yar boko ba ta iya komai ba sai taliyar leda. Maganar ta tsaya min a rai, ba zan ɓoye ba. Tun asuba na tashi na yi dambun shinkafa, ya sha zogale da gyaɗa, na cika kula. Ina shiri sai ga sallamar maƙwabciyata. Na yi wuf na yaye gidan sauron nan, na rufe tsutsotsina da murfinsu, don kada unguwa ta ji amarya tana kiwon tsutsa. Ta tafi, maigidan yana ta danna min hon a kan mashin, na suri kula na ɗaure a ɗankwali. Da nauyinta kuwa (yashi ai ba wasa ba ne).

Muna isa shi ya tsaya zaure wurin maza, ni na shiga ciki. Na durƙusa a gefen tabarma, kai a sunkuye, ina gaisuwa da muryar da ni kaina ba na ji. Ashe Inna ta tara matan gidan har da na maƙwabta, su ɗanɗana dambun da ɗanta ya ce surukarta za ta kawo.

"Yaya Lanti, ke ce babba, buɗe mana," in ji Inna.

Gwaggo ta yi bisimilla ta ɗaga murfi. Na saci kallo. Yashi, rassa, kashin tsutsa, ga wata koriya ƙatuwa ta ɗago kai tana duban Gwaggo.

Gwaggo ta ja da baya tana salati. Ta ce wa Inna, "Wannan ai haɗi ne. Ƙasa da itace da tsutsa? Mallake ku za a yi, ke da ɗanki."

Kafin ta rufe baki, wani malam-buɗe-littafi baƙi mai ɗigon rawaya ya hauro bakin kular. Abin da na yi ta jira in nuna wa 'yan ajina, bai tashi fitowa ba sai a gaban surukai. Ya buɗe fukafukai ya rufe, ya tashi yana tangaɗi, bai ga wurin sauka ba sai kan mayafin Gwaggo. Baiwar Allah ta bar takalmanta a nan.

Kun san amarya ba ta ɗaga murya gaban uwar miji. Amma da na ji ana maganar asiri, na ga aurena ne zai tashi. Ban san sanda na miƙe tsaye ba.

"Inna, wallahi ba asiri ba ne, darasi ne."

Na ɗauki reshe ina nunawa. Ga ƙwai a jikin sabon ganye, ga tsutsa, ga ɓawon da wancan ya fito ya bari. Bayani ya yi min daɗi, na manta inda nake. Da na kai ƙarshe sai na tafa hannu, na dubi tsofaffin nan na ce, "Kun gane? Wa zai maimaita min?"

Da ƙasa za ta tsage, da na shige ban waiwayo ba.

Inna ce ta fara. Ta yi dariya har tana share hawaye da bakin zani, sauran suka ɗauka. Da ta samu numfashi ta ce, "Mun gane, Malama. To shi dambun, sai yaushe zai ƙyanƙyashe?"

Haka aka tashi maigidan daga zaure ya koma Makarfi ya ɗauko ainihin kular. Gwaggo ba ta yarda ta sa hannu ba sai da ta ga kowa ya ci bai faɗi ba. Ta ci, ta ƙara, sannan ta ce ba laifi, gishiri ya ji. A bakin Gwaggo wannan babban yabo ne.

Yanzu yarana uku a gidan, amma har gobe in na kai abinci sai Inna ta ce a rufe ƙofar ɗaki tukuna, kada ya tashi. Ni dai na ɗauki darasina: duk saurin da nake yi, ba na fita da kula sai na leƙa na ga abin da ke ciki ba ya motsi.