Ranar da Na Shanya Faifan Garmaho

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shanya waƙa a rana ba. Matso kusa ka ji, don ba labarin da nake ɗaga murya a kansa ba ne, ko da yake duk Birni an san shi.

Ni baduku ne a Birnin Zinder, daga zaure sai masallaci, karatuna bai wuce na salla ba. Amma Allah ya jarabce ni da son kayan Nasara. Da ashana ta fara shigowa, kwali guda na ƙyasta a zaune don in ga ta inda wutar ke fitowa. Kwaɗon ƙofa na farko da na samu, na buɗe shi na ga hanjinsa, bai sake rufe komai ba. (Matata Hadiza takan ce da Nasara za su kawo aljani a kwalba, ni zan fara cire murfin.)

Ƙanena Kiyari, autan Inna, shi aka ɗauka soja lokacin da kumandan Nasara ya ce kowace unguwa ta ba da samari. Ya yi wa wani kaftin hidima a bariki, da mutumin zai koma ƙasarsu ya bar masa garmaho da faifai ɗaya tak. Kafin a kwashe su zuwa yaƙin hayin teku, Kiyari ya kawo shi gida.

Kai, ban taɓa ganin abu irinsa ba! Akwati ne na katako mai sheƙi, da ƙaho buɗe kamar bakin kakaki, da hannu a gefe da ake wanawa. Ka ɗora baƙin faifan nan, ka sauke masa allura, sai wata mace ta kama waƙa da Faransanci kamar tana tsakar gidanmu. Na leƙa ƙahon, na shinshina, na kwanta na duba ƙarƙashi. Kiyari kuwa ya dafe ƙirji yana bin matar da muryarsa ta ƙato. Akwai inda take haurawa sama can, shi ba ya kaiwa, sai tari ya sarƙe shi. Kullum a nan Inna take dariya har da hawaye.

Ranar tafiya ya ce mini, "Yaya, amana ce. Ka wana a hankali, kuma don Allah kada ka buɗe cikinsa, na san halinka." Na yi alkawari, kuma na cika. Cikinsa dai ban buɗe ba.

Ni ɗan fari ne, ka san yadda abin yake. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta zama tabarma ɗaya da ni, in tana son wani abu a wurina sai ta bi ta kan Hadiza. Duk wasa da dariyarta na auta ne. Ban taɓa jin haushi ba, haka muka taso muka gani.

Kiyari bai dawo ba. Wani abokin sojansa ɗan garin Dogo ne ya zo da labari, ya ce sanyin ƙasar ne ya kama masa ƙirji, can aka binne shi. Ba gawa, ba kabarin da za a nuna wa uwa. Inna ta daina cin abinci. Fura ma sai an yi da gaske take kurɓa. Bayan sadakar arba'in ta kira Hadiza ta ce, "Ki gaya wa mijinki, ranar Juma'a bayan la'asar ina son jin akwatin auta."

Na ji daɗi, wallahi. Na ce yau ga abin da zan iya yi mata. Da safiyar Juma'ar na gwada shi a zaure, sai na ji ƙaraf-ƙaraf a ƙarƙashin muryar matar. (Dama can yana yi, amma ranar ne kunnena ya ƙi yarda.) To ni baduku, duk abin da ya yi ƙaraf-ƙaraf a hannuna na san ciwonsa: bushewa ce. Maganinta kuma ɗaya ne. Na ɗebo man shanu, na mulke faifan gaba da baya kamar fatar jakar ango, na kai shi kan dutsen bayan gida don rana ta shigar da man.

Hadiza ta tsaya da muciya a hannu. "Malam, wannan abin fata ne?"

"Ke dai tuƙa tuwonki. Me kika sani a kayan Nasara?"

Bazara ce fa. Dutsen nan ko ƙadangare ba ya tsayawa a kansa da tsakar rana. Ni kuwa na tafi masallaci ina gayyatar mutane, ina cewa su zo su ji yadda na gyara murya har ta fi ta da.

Da na dawo na tarar da faifan ya lanƙwashe kamar tsohon takalmin da aka jefar a juji, gefe ɗaya sama, gefe ɗaya ƙasa. Na danna shi da tafin hannu, na ji ya yi ƙas, na bari. Kafin in san abin yi, tsakar gida ta cika. Ƙawayen Inna sun zauna, maza sun tsaya a bakin zaure, ita kuma tana kan tabarmarta da hular Kiyari a cinya. Mai hankali da sai ya durƙusa ya faɗi gaskiya. Ni sai na ce a raina wataƙila allura ba za ta lura ba.

Na wana, na sauke allura. Ta hau tudu ta gangara kwari kamar raƙumi a kan yashi. Abin da ya fito daga ƙahon nan ba waƙa ba ce. Farko kukan jaki, sannan nishin saniya, ga warin man shanu, ga ƙudaje sun taru suna zagayawa tare da faifan. Baba Gaji, tsohon maƙwabcinmu, ya kara hannu a kunne ya ce, "Ɗan nan, matar Nasaran naƙuda take yi ne?"

Dariya ta ɓarke. Har waɗanda suka zo da hawaye sai da suka toshe baki da mayafi. Can allura ta yi tsalle, faifan ya tsage gida biyu. Aka juya aka dubi Inna, dariyar ta mutu.

"Me ka yi masa?" Ni ta tambaya, kai tsaye, ba ta bakin kowa ba.

"Mai na shafa masa, Inna."

"Mai."

"Na ji kamar ya bushe ne..."

Ta shafa hular nan ta ce, "Shi ke nan abin da auta ya bar mini mai murya."

Mutane suka zare jiki ɗaya-ɗaya, ba mai sallama. Na tsaya da ɓarin faifai a kowane hannu, maiƙo har gwiwar hannu. Ban san abin da ya buɗe mini baki ba. Faransanci dai ban san ko kalma ɗaya ba, amma kunnena ba ya yar da abin da ya ji. Na kama waƙar, ba yadda matar take yi ba, yadda Kiyari yake kwaɓa ta. Da na iso inda take haurawa sama, muryata ta ƙi kaiwa, tari ya sarƙe ni.

Inna ta ɗago kai. "A nan yake tari," in ji ta. Ta matsa gefe, ta daddaɓa tabarma. "Zauna nan. Muryarka ba daɗi, amma sake."

Haka na riƙa yi mata duk Juma'a, ƙato da gemu yana waƙar matar da bai san me take cewa ba, har Allah ya karɓi abarsa kafin a yanke gero. Sunana dai ba ta faɗa ba har ta tafi. Mutanen unguwa ne suka ba ni sabo, Garmaho. Har yau in na yi tari a masallaci sai wani ya ce, "A kawo man shanu?"

Abin da na koya kaɗan ne: ba duk abin da ke ƙaraf-ƙaraf ba ne fata, kuma in Hadiza ta tsaya da muciya tana tambaya, in saurara. Akwatin yana nan a ɗakina, nakan wana shi wani lokaci ya yi ta juyi ba murya. Sai dai abu ɗaya ya hana ni sakat. Da faifan bai tsage ba, da ban taɓa zama tabarmar Inna ba. Da ban taɓa faifan ba kuma, da ta yi dariyarta ta da ko sau ɗaya. Kai da kake saurarena, da kai ne, wanne za ka roƙi Allah ya bar maka?