Kafinta da 'Yar Kwalbar Gwaji

"Lafiya ƙalau, Tsoho. Zauna kafin gwiwar nan ta ba ka kunya."

Kafinta ya zauna a bencin ɗakin shan magani, garin katako har cikin girarsa. Nas ɗin da ta tarbe shi da wannan tsiya 'yar kawunsa ce, abokiyar wasansa tun suna yara. Shekara huɗu ke nan da aurensa, matar ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, abin kuwa yana cinsa a rai.

"Sarauniyar allura, so nake ki sake kai min ita gwaji."

"Karo na uku? Lafiyarta garau. Kai ne dai ka tsaya zaɓen mata har furfura ta riga ka angwancewa."

"Ke na jira, kika tsere wa wani mai tumbi."

"Na tsira! Da yanzu ina tauna maka nama."

"Ke, namiji ba ya tsufa a wannan fage. Kakanmu yana da saba'in aka haifa masa ɗa."

"To, kai ne Kakan? Ba a ce ƙofa ta rufe ba. Amma in namiji ya haura arba'in, ƙwayoyin haihuwarsa sukan rage ƙarfi da gudu, ciki ya yi ta jinkiri. Naka ina jin da sanda suke tafiya."

Tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai taɓa gaya wa kowa ba. Ya sunkuyar da kai yana murza yatsansa mai tabon zarto.

"In kuma ni ne fa?"

Ta rage murya. "In kai ne, sai mu nemi abin yi tun da sauran lokaci. Yaya, matarka, baiwar Allah, a kafaɗata take kuka, tana cewa ita ta hana ka ganin ɗanka."

Bai san da wannan ba.

Ta jawo aljihun tebur, ta ajiye masa 'yar kwalba mai jan murfi. "Tsarabarka. Wannan karon naka za a gwada. Ɗakin gwaji, ƙofa ta biyu."

Ya juya ta a tafin hannu, dariya ta kuɓuce masa, idonsa da ƙwalla.

"Kin ci ni yau, mummuna." Ya sa kwalbar a aljihu. "Amma gida zan fara zuwa. Da bakina zan gaya mata ta daina kukan nan."