Kafin Komai, Kashe Wuta

Wani ne mai gyaran wuta, shekara ashirin da biyu yana sana'ar, kuma bai taɓa kashe makunni kafin ya taɓa waya ba. Ko sau ɗaya. A wurinsa kashe wuta aikin matsorata ne. Tasta ma, abin gwada wuta, ba ya yawo da ita. Bayan yatsa yake gogawa a jikin waya, in ya yi tsalle ya ce akwai wuta, in bai yi ba ya ce babu. Wuta ta ja shi, ta ja shi, har ta gaji ta ƙyale shi. Gashin kansa tun da ya miƙe wata rana a kan tsani, bai ƙara kwanciya ba.

Amma fa a bar wa mutumin nan aikinsa. Iska kawai zai shaƙa ya gaya maka inda waya ke ƙonewa.

A wata masana'antar robobi yake aiki. Rannan sabon manaja ya kira shi ofis.

"Malam, ina takardarka?"

"Wace takarda, ranka ya daɗe?"

"Ta shaidar ƙwarewa. Satifiket."

Gogan naka ya naɗe hannun riga ya fara nuna tabo. "Ga su nan. Wannan babban injin ne ya ba ni. Wannan janareta. Wannan na gwiwar hannu kuma firjin gidan wanda ka gada ne."

"To, hannunka ba zai shiga fayil ba. Doka ta zo daga sama. Duk wanda bai kawo takarda ba zuwa ranar ƙarshe ta wata, ya ajiye filaya ya kama gabansa."

Ya tuna gida. 'Ya'ya huɗu, ga mata, ga surukarsa da ta zo kwana uku tun bara. Ba shiri ya je ya yi rajistar jarrabawa, aka sa masa rana, jajibirin ƙarshen wata. Aka haɗa shi da wani littafi mai kaurin bulo.

A hanya ya tsaya wurin abokinsa mai walda, wanda ya taɓa yin irin tasa jarrabawar. Mai walda ya ɗaga gilashin fuska, ya dubi hagu da dama, ya rage murya.

"Bari in gaya maka abin da ke ka da mutane. Ba tambayoyin ba ne. Tarko ne."

"Tarko kamar yaya?"

"Sai su bar abu a lalace da gangan, su yi kamar ba su gani ba. Alhali suna kallonka ta wutsiyar ido. Kana kai hannu ba ka bi ƙa'ida ba, shi ke nan, sai wata shekarar. Kai kuwa da na sani, ko gaisawa ba za ku gama ba ka faɗi."

Da ya isa gida ya buɗe littafin. Shafi na ɗaya, da manyan baƙaƙe: kafin komai, kashe babban makunni. Sa masa kwaɗo. Rataya gargaɗi. Jefa makulli a aljihunka, kada ka ba kowa, ko mai kamfanin ne, sai ka gama aiki.

Matarsa ta leƙo ta karanta, ta ce, "Baban yara, kanka ba ya riƙe karatu, na san ka. Hannunka ne ke da ƙwaƙwalwa. Ka riƙa yi a aikace har ya saba."

Wallahi ba ta taɓa ba da shawarar da ta yi nadama irin wannan ba.

Gidan haya suke, mita ɗaya ce ta haɗa kowa. Ga tela a ɗakin farko da kekensa na lantarki, ga mai aski a shagon ƙofar gida. Mutuminku ya sayo kwaɗo, ya yanki kwali ya rubuta ANA AIKI, KADA A KUNNA, ya ɗaura masa igiya.

Ƙwan fitila ya mutu, ya kashe wutar gida duka. Za a sake batirin rimot, ya kashe. Marfin tukunya ya saki, matar ta ce ya ɗaure mata, sai ga shi ya nufi mita da kwaɗo.

"Tukunyar ma?"

"Littafi bai ware tukunya ba."

Tela ya fito da rabin wando a hannu yana ta sababi. Mai aski ya shigo, wani mutum na biye da shi, rabin kai fes, rabi daji.

"Maƙwabci, don girman Allah, minti biyu! In ƙarasa masa gefe ɗaya!"

"Makulli na aljihu. Ko mai kamfani ne."

"Wane kamfani? Nan gidan haya ne!"

Surukar kuwa, duk sanda shirin da take bi a talabijin ya kai inda za a tona asiri, sai ɗif. Ta kira shi ta zaunar.

"Ɗan nan, in korata kake so ka yi, ka faɗa mini da baki."

"Haba Mama, karatu nake yi."

"Mu a zamaninmu mai karatu fitila yake kunnawa."

Kwana goma sha takwas ana wannan. Ranar jarrabawa, mutanen gidan har ƙofa suka rako shi suna yi masa addu'a, kuma ba a taɓa yi wa mutum addu'a da zuciya ɗaya kamar ta ranar ba.

Ɗakin jarrabawar dogo ne, kwamfuta arba'in a jere. Ba masu gyaran wuta kaɗai ke zuwa ba. Ranar akwai ma'aikatan jinya, akwai masu haɗa magani, kowa da tasa jarrabawar a allonsa. Mai gyaran wuta shi kaɗai ne. Shugaban wurin wani injiniya ne mai laktaye, shi ke sa hannu a kowace takarda, kuma sunansa ne ma a bangon littafin nan mai kaurin bulo.

Injiniya ya ce, "Awa biyu ce. Ku kula da kyau: in kwamfuta ta mutu kafin ka danna aikawa, duk abin da ka amsa ya tafi. Ku fara."

Aka zaunar da shi a tebur na sha bakwai. Tambaya ta farko: me za ka fara yi kafin ka taɓa waya? Sai da ya yi dariya a fili. Ya ci gaba yana dannawa da yatsa ɗaya, abu na tafiya sumul.

An ci awa ɗaya da rabi, sai hancinsa ya motsa. Ƙaurin roba.

Ya sunkuya ƙarƙashin tebur. Ga soket ya yi baƙi, waya ta saki, tana ɗan tsartar da wuta. Hannunsa ya tafi da kansa kamar yadda ya saba. Ƙiris ya rage yatsa ya taɓa, sai maganar mai walda ta faɗo masa. Ya ɗago a hankali. Ai kuwa ga injiniya ya zuba wa wajensa ido.

Alhali agogon bango injiniyan yake kallo, wanda ke saitin kan mutuminku. Amma wa zai gaya masa?

Gogan ya ce a ransa, "Kun makara."

Ya miƙe cikin natsuwa, ya taka har bakin ƙofa inda akwatin wuta yake, ya buɗe, ya kama babban makunni ya ja ƙasa.

Ɗif.

Kwamfuta arba'in. Fanka. Na'urar sanyi. Ya zaro kwaɗo ya datse, ya rataya kwalinsa, ya jefa makulli a aljihu. Sannan ya juyo ya dubi injiniya, bakinsa har kunne, yana jiran tafi.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta fara kurma ihu. "Tambaya ɗaya ta rage mini! Ɗaya! Cikin ɗari!"

Ɗaki ya kaure. Injiniya ya taho a guje, laktaye a kafaɗa.

"Kai! Me ka yi?"

"Shafi na ɗaya, ranka ya daɗe."

"Ba ni makullin!"

Gogan ya kashe masa ido ɗaya. "Haba dai. Wannan ma na san tarko ne."

"Wane tarko? Ni ne shugaban wurin nan!"

"Ko mai kamfani ne. Ai kai ka rubuta."

Injiniya ya finciki kwaɗon, ko gezau. Ƙarshe sai mai gadi aka kira ya zo da zarto, ya yi ta gurzar kwaɗo yana gumi, mutum talatin da tara na tsaye a kansa suna tsaki.

Mutuminku ya fara shan jinin jikinsa. Ya ce, "To ko in gyara soket ɗin tukuna? Na tebur na sha bakwai. Wallahi ci yake yi."

Injiniya ya nuna shi da yatsa. "Kada ka kuskura! Wa ya ba ka izini? Kana da takarda?"

"Ita na zo nema."

"To marar takarda ba ya taɓa waya! Maimaita!"

"Marar takarda ba ya taɓa waya."

"Da ƙarfi!"

Ya maimaita da ƙarfi, har na bayan ɗaki suka ji.

Injiniya ya so ya kore shi har abada. Ya yi ta juya littafin dokoki yana neman laifin da zai rubuta, bai samu ba, don duk abin da bawan Allahn nan ya yi, shi ya koyar. Ana cikin haka aka kira shi a waya daga sama. Ba a ji me aka ce ba, an dai ji shi yana cewa, "Ba za a sake ba, yallaɓai. In aka sake, in ajiye aiki. Na ji, yallaɓai." Aka ce kowa ya dawo gobe a sake daga farko.

Gobe kuwa ita ce ranar ƙarshe ta wata.

Da ya koma gida, matar ta tare shi. "Yaya? Ka ci?"

"Ban ci ba. Amma kwantar da hankalinki, babu wanda ya riga ni."

Washegari a bakin ƙofa ana laluben kowa ana karɓe waya. Shi kwaɗo aka nema. Aka samu uku, ɗaya a cikin safa. Aka zaunar da shi a gaba, daf da teburin injiniya, aka dasa masa mai gadi a gefe. An kuma kawo manyan batura na ajiya, waɗanda za su riƙe kwamfutocin minti goma in wuta ta ɗauke. Komai an tanada. Soket ɗin tebur na sha bakwai ne kawai ba wanda ya leƙa.

Tambayoyin irin na jiya ne. Cikin awa ɗaya ya gama, ya danna aikawa, allo ya nuna ya ci. Injin buga takarda ya turo satifiket, fes, ga hotonsa da gashi a tsaye. Saura sa hannu.

Injiniya ya ɗauka ya duba, ya kife ta a kan tebur, ya ɗora kofin shayi.

"Ka dawo bayan mako uku."

"Ranka ya daɗe, yau ce ranar ƙarshe! In ban kai ta kafin a tashi ba, aikina ya tafi. 'Ya'yana huɗu."

"Jiya ka tuna da 'ya'yan wasu? Biro ma ba ni da shi. Mako uku."

Mutuminku ya koma ya zauna. Yana tunanin yadda zai dubi matarsa, da surukarsa, da tela. Sai hancinsa ya motsa. Ya dubi wajen tebur na sha bakwai. Ya dubi silin. Ya naɗe hannu a ƙirji.

Fau!

Hayaƙi ya taso, wuta ta ɗauke, batura suka fara kuka ƙit, ƙit, ƙit. Kawuna talatin da tara suka juyo kansa a tare. Mai gadi ya ɗaga hannu ya ce, "Wallahi ko motsi bai yi ba."

Injiniya ya ruga wurin akwatin wuta. Ya tura makunni sama, ya faɗo. Ya sake turawa, ya faɗo. Ya tsaya yana kallon wayoyin kamar yau ya fara ganin irinsu ba a hoto ba.

"Ina mai gyaran wutarmu?"

"Yana hutu, yallaɓai."

"Minti nawa ya rage?"

"Bakwai."

Ma'aikaciyar jinyar nan ta miƙe tsaye. "Yau in ta mutu, wallahi ba mai fita daga ɗakin nan!"

Injiniya ya sassauta laktaye. Ya tako a hankali har gaban mutuminku, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Malam." Gogan ya ci gaba da kallon silin. "Maigida." Ya gyara zama. "Babban yaya, don Allah tashi ka duba mana."

Gogan ya dubi takardar da ke ƙarƙashin kofin shayi, ya kai hannu bayan kunne ya zaro wani abu ya miƙa masa.

"Marar takarda ba ya taɓa waya, ranka ya daɗe. Ga biro."