Gwaggo Ba Ta Ga Babin Ƙarshe Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka gaji da kallon baƙin gilashi, iyalan Yaya mai ɗinki suna sanar da 'yan'uwa, maƙwabta, masu kawo ɗinki, da abokan yaƙi na nesa waɗanda ba a taɓa ganin fuskarsu ba, rasuwar Gwaggo, wayar marigayi Auta. Ta cika ranar Laraba da hantsi a kan teburin yanka, tsakanin almakashi da gwangwanin maɓallai, bayan doguwar jinya da ta sha da haƙuri irin na tsofaffi, wato tana yi tana mita.

Ga wanda bai san ta ba, kada ya tashi neman dangi. Gwaggo waya ce baƙa, mai tsaga daga kusurwa zuwa kusurwa, wadda aka ɗaure murfin bayanta da robar gashi. Auta, ƙanin Yaya, shi ya raɗa mata sunan, don a cewarsa ba ta gaggawa, ba ta son a ba ta aiki biyu a lokaci guda, kuma abu kaɗan ke sa ta ɗauki zafi. Duk wanda ya zauna da ita zai shaida bai yi mata ƙazafi ba.

Marigayiya ta yi rayuwa mai albarka. Ta faɗo daga kan babur ta tashi. Ta faɗa bokitin wanki, aka shanya ta a taga, ta farfaɗo tana magana ta hanci. Ba ta taɓa karɓar caji ba sai an lallashe ta, an karkata igiyar cajin an danne da dutsen guga, sannan ta ce "ƙirrin" kamar mai cewa na yafe. Amma ba ta taɓa cin amana ba, kuma a kan amanar ta mutu.

Babban aikinta a duniya shi ne wani wasa da dubban mutane ke shiga ta intanet a lokaci guda, kowa da jaruminsa. A cikin wasan an sace rana an kulle ta a bayan ƙofofin ƙarfe, duniya ta zauna cikin duhu. Masu shirya wasan kuwa 'yan ja rai ne, ba sa sakin labarin gaba ɗaya. Sai bayan watanni su sako sabon babi, a sauke shi a waya, a buɗe ƙofa guda, a bar mutane da cizon yatsa. Jarumin Auta sunansa Mai Fitila. Ba ya sara, ba ya harbi, bayan mayaƙa yake bi yana haska musu hanya, yana ɗaga wanda ya faɗi.

Auta maƙeri ne na walda, gemu ya fito masa tuni, amma da ya tashi daga aiki sai shagon Yaya. Ya zauna kan kujerar masu jiran awo, Gwaggo ta buga gangar wasan, "dum, dum, duuum", shi kuma ya shiga ba da labari ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Yaya tana taka keke tana ce masa ga rana can a waje tana gasa bayin Allah, shi yana nemanta a cikin waya, ya je ya nemi mata ya fi masa. Shi ko a jikinsa. Ya rantse ya maya cewa wani tsohon matuƙin kwalekwale mai murmushi a cikin wasan, wanda ke tsallakar da kowa kogi kyauta, shi ne ɓarawon ranar, don mutum ba ya yin kirki haka a banza. Ya ce ranar da aka buɗe ƙofar ƙarshe Yaya za ta ɗinka masa riga ta ban haƙuri.

Sai ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Yatsunsa suka kumbura har ba ya iya danna komai. Ƙungiyarsu ta cikin wasan kuwa tana da doka: wanda ya daina zuwa yaƙin mako, a ba wani wurinsa. Don haka daga gadon asibiti ya miƙa wa Yaya wayar, bayan ya naɗi muryarsa a ciki yana koya mata wasan, darasi bayan darasi. Cikin dukkan sautukan marigayiya, wannan ne iyali ba za su manta ba:

"Yaya, in kin ga ƙasa ta yi ja, ki matsa gefe. Gefe na ce, ba gaba ba. Na san ki, gaba za ki yi."

Daga nan sai dariya, sai tari, sai ƙarar gadon ƙarfe. A ƙarshen kowane darasi magana ɗaya yake rufewa da ita:

"Riƙe mini wurin kawai, kafin in taso."

Bai taso ba.

Yaya ta riƙe wurin. A faɗi gaskiya ko da a makoki ne: ba a taɓa ganin mai wasa mara hannu irinta ba. Ta jefa Mai Fitila rijiya ba adadi. Ta taɓa warkar da dodon da ake yaƙi da shi. Ta taɓa barin mayaƙa cikin duhu don wata ta zo karɓar zanenta. Da 'yan ƙungiyar suka gaji suka tambayi abin da ya sami Mai Fitila, ta gaya musu. Shugabarsu, wata mata da ake kira Kunama, wadda Allah kaɗai ya san ƙasar da take, ta rubuto cewa ba mai taɓa wurin nan, ko a kafaɗa ne za su kai Mai Fitila ƙofar ƙarshe. Tun daga ranar, duk lokacin da Yaya za ta shiga yaƙi sai ta fara kunna darasin, ba don ba ta haddace ba. Masu kawo ɗinki sun saba jin muryar namiji tana yi mata faɗa daga ƙarƙashin tarin yadi.

Ciwon ajalin Gwaggo kuwa sababbin babin nan ne. Kowane babi ya fi na baya nauyi, ita kuma cikinta ɗan ƙarami. Da an fara saukewa sai ta yi tari ta rubuta cewa babu wuri. Aka shawarci mai gyaran waya na bakin titi ko a sayi sabuwa a mayar da wasan can. Ya duba ya ce ba hali: Auta a matsayin baƙo ya shiga tun farko, bai taɓa ɗaura jaruminsa a kan wani adireshin imel ba, kullum gobe, gobe. Mai Fitila a cikin Gwaggo yake zaune, in ta tafi ya tafi.

To, sai aka shiga sayar da kayan ɗaki don a ciyar da baƙo. Babi ya zo, aka share waƙoƙin Auta. Wani ya zo, aka share hotunan ƙofofi da tagogin da ya ƙera. Wani ya zo, aka share taswira da ƙididdiga da duk abin da ake kira waya dominsa, har ta kai Gwaggo ba ta iya komai sai wasan nan da kuma maganar Auta. Ta rame a ciki, ta kumbura a waje, batirinta ya turo murfi kamar cikin mai kwashiyoko. Duk da haka in an danna sai ta buga gangarta, da ƙyar, tana shaƙewa a tsakiya.

A makon jiya aka yi shelar babin ƙarshe, wanda za a buɗe ƙofar da rana take. Gwaggo ta ce babu wuri. Yaya ta duba sama ta duba ƙasa, babu abin da ya saura sai darussan. Maigidanta, mutumin kirki mai yawan sani, ya ce ta kwantar da hankalinta, ai waya ba ta ɓatar da komai yanzu, duk abin da ke ciki yana can a ajiye a sama, a intanet, shi da ya canza tasa har hoton rasit ya dawo masa. Ya faɗa da ƙarfin zuciyar wanda abin ba nasa ba ne.

Ranar Laraba Yaya ta ɗaga ƙafa daga kan keke, ta bar wata mai jiran siket tana ta duba agogo, ta saurari darussan tun daga na fari har na ƙarshe. Ta ji tsoro, kuma ta san ta ji. Amma Auta bai ce ta riƙe masa murya ba, wuri ya ce. Ta share.

Layin saukewa ya fara rarrafe. Gwaggo ta ɗauki zafi har ba ta taɓuwa, Yaya tana yi mata fifita da kwalin zare. Layin ya wuce rabi, ya kusa baki, har mai siket ta matso tana leƙe. Sai robar gashin ta ce "tas", murfin ya ɗaga, wani wari kamar an bar dutsen guga kan leshi ya tashi, gilashin ya yi duhu. Wannan "tas" ɗin ita ce kalmar marigayiya ta ƙarshe.

Mai gyara ya buɗe ta ya rufe, ya ce abin da ya ƙone ba ya gyaruwa a hannun ɗan'adam. Da layin Auta ya samu ya shiga ma'ajiyar nan ta sama da ake ta faɗa. Wayam. Ashe Auta, sarkin tsumulmular data, ya kashe ajiyar tun ranar da ya sayi wayar. Maigidan Yaya tun lokacin a tsaye yake cin abinci, ba abin da yake maimaitawa sai shi fa nasa sun dawo.

Kamar hakan bai isa ba, jiya Kunama ta aiko saƙo ta wayar maigidan. Sun buɗe ƙofar. Babu rana a bayanta. Matakala ce ta gangara ƙasa cikin wani duhun, da sanarwar cewa labari zai ci gaba baɗi. Tsohon matuƙin yana nan yana murmushi, ba a kama shi ba, ba a wanke shi ba. Yaya ta karanta, ta ce ashe a kan matakala ta ba da muryar ɗan'uwanta, sannan ta koma ta ƙarasa siket ɗin, ta ɗinka zif a baibai.

Marigayiya ta rasu ta bar caja guda mai karyayyen wuya, da abin sauraro mai kunne ɗaya, da guntayen robar gashi biyu. Ta bar Mai Fitila a bakin kogi inda Yaya ta ajiye shi, zaune, fitilarsa a kashe, sunansa ya yi toka-toka, 'yan ƙungiya suna wucewa suna gaishe shi har ranar da masu shirya wasan za su share waɗanda suka daina zuwa. Ta kuma bar Yaya, wadda kalmomin duk suna kanta, amma da ta gwada faɗin "gefe na ce" yadda yake faɗa, muryarta ta ji, ba tasa ba.

Za a yi jana'iza gobe da safe a shago. Masu sayen matattun wayoyi don ciro kayan ciki su yi haƙuri, kada su wahalar da ƙafafunsu. Za a naɗe ta a farin yadin da Yaya ta yanka tun bara don rigar ban haƙurin nan, a kwantar da ita a durowar keken ɗinki, ƙarƙashin allurai. Ana karɓar gaisuwa har yamma, kujera ɗaya ce, a riƙa yin layi. Iyali suna roƙon kada kowa ya zo da shawarar irin wayar da ya kamata a saya, kada kuma a ce ai waya ce kawai.

Ba a buƙatar kowa ya riƙo komai, sai abu guda. Duk wanda ke da muryar Auta a wayarsa, ko saƙon cinikin ƙofa ne, ko faɗa ne kuka yi, ko tarinsa ne daga bayan wani bidiyon taro, don Allah kada ya share don neman wuri. Ya zo da wayar da cajinta. Za a tsayar da keke a saurara.