Ranar da Na Yi wa Masu Yajin Aiki Godiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗebi rabin unguwarmu ta New Bell zuwa jami'a ba, don su ga yadda ɗansu zai kare kundin digirinsa a gaban malamai. Sutenans muke ce masa a nan Douala, kuma a layinmu ni ne farkon wanda ya kai wannan matsayi.

Shekarun matsi ne. Gwamnati ta tsaya cak, albashi ba ya fita, an rufe ɗakin cin abincin ɗalibai, ɗakin karatu kuwa ko fitila babu. Kowa na cewa malamai za su shiga yajin aiki. Abokina Hamadu ma ya ce in leƙa makaranta tukuna, na ce masa sunana na manne a allo, magana ta ƙare. Na shige ɗaki ina haddar jawabi a gaban madubi (har da inda zan ɗan yi shiru a tafa mini).

Gida kuwa ya ɗauki zafi. Goggo Dudu, yayar mahaifina, ta fitar wa mata anko. Kawu Sale ya rufe shagon atamfarsa na kasuwar Mboppi, abin da ko zazzaɓi bai taɓa sa shi yi ba, ya ɗauko mana bas guda. Aka loda kulolin shinkafa da soyayyen kifi. Ni kuma na ɗaure wuya cikin kwat ɗin aro, gumi na bin bayana, zuciya fal murna.

Muna wuce mahaɗar Ndogbong sai ga taro maƙil a ƙofar jami'a. Da suka hango bas cike da iyaye sai suka ɓarke da tafi. Goggo ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa na ce a raina, ashe labarina ya riga ni isowa!

Na sauko ina ɗaga hannu kamar ɗan takara. Wani mai gemu ya rungume ni, ya ce wakilin iyaye ya iso, ya danƙa mini lasifika. Kalmar "iyaye" kawai na ji. Na gyara murya, na gode wa Allah, na gode wa iyayena, na gode wa jama'a da suka baro ayyukansu saboda ni. Sannan na karanto taken kundina da Faransanci, wanda ya shafi magudanan ruwan unguwa, har na shiga babi na ɗaya.

Tafin ya mutu. Sai a lokacin idona ya sauka kan sarƙar da aka ɗaure ƙofa da ita, da kwalayen da ke hannun mutane. A sahun gaba ga malamin da ke duba aikina, cikin silifas, riƙe da kwalin da ke cewa 'ya'yansa ma suna cin abinci.

Ya matso, ya zare lasifikar a hankali. Ya ce da Faransanci, "Ɗana, an rufe makaranta. Mu ma a waje muke."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Kawu Sale ya juya yana kallon tayar bas kamar bai san ni ba. Goggo Dudu, wadda ba ta jin Faransanci, ta ja hannun malamin ta tambaye shi da Hausa ko na ci. Wani ya fassara mata yadda ake ciki. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Wayyo, shi ya sa duk kuka rame. Ku sauko da kulolin nan."

Haka manyan furofesoshi suka zauna a gefen titi suka cinye walimata tas, suna sa mini albarka tsakanin loma da loma. Digirin sai bayan watanni ya samu, amma sunan "Wakilin Iyaye" a ranar na same shi, kuma har yau da shi yaran New Bell ke gaishe ni.

Tun daga nan, in na ji ana tafi, sai na fara karanta abin da ke hannun masu tafin kafin in buɗe baki.