Kular Maman Dauda

Ba zan taɓa mantawa da Kirsimetin da na zama babbar malama a unguwarmu ta Mairi ba, malantar da ko la'asar ba ta kai ba ta rushe.

An saka ni ne a wani guruf na WhatsApp na mata, ni kuwa Allah ya yi ni da saurin ɗauka (ban ce saurin ganewa ba). Wata baiwar Allah ta turo muryar wa'azi a kan bukukuwan waɗanda ba Musulmi ba. Ban san mai maganar ba, ban kuma ji ƙarshen maganar ba, don cajina ya ƙare a tsakiya. Amma rabin da na ji ya ishe ni. Na tashi daga kan tabarma ina jin kaina kamar wadda ta dawo daga Madina da digiri.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Maman Dauda, malamar firamare, mutuniyar Askira, Kirista. Tun da muka tare a gidan lafiya lau muke zaune. In Sallah ta zo in aika musu da nama da burabusko, in Kirsimeti ta zo ta aiko mana da dafa-duka da kaji da cincin. Kuma tsakani da Allah matar nan ta iya girki. (Mijina Modu ya taɓa cewa in shiga in koya. Har yau ban yafe ba.)

Tun kafin ranar ta ƙarato na fara wa'azi. A bakin famfo, a wurin niƙa, har a cikin keken haya. Duk wadda ta karɓi shinkafar Kirsimeti, na ce, ta binciki imaninta. Da ƙarfi nake faɗa, ina ɗan karkata fuska wajen katanga, don ilimi ba a rowarsa.

Ranar kuma sai ta zo daidai da zuwan surukata Ya Hajja daga unguwar Lamisula. Tsohuwar nan tun da na auri ɗanta ba ta taɓa yaba min komai ba, ko da shara ce. Sai na ga ga dama ta samu, yau za ta san ɗanta mai addini ya aura. Na tsara komai a raina. Maman Dauda za ta kawo abinci, in ƙi karɓa a gaban kowa, ta roƙe ni, in sake ƙi, ta sake roƙo, sannan in ce to a ajiye saboda yara. In samu lada, in samu suna, in samu cinyar kaza. Saboda tsabar yarda da wannan tsari, ko tukunya ban ɗora ba.

Bayan azahar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na gyara hijabi, na buɗe. Ga Maman Dauda cikin sabuwar atamfa, rungume da ƙatuwar kula. Ta buɗe baki za ta yi magana, na ɗaga mata hannu.

"Maman Dauda, ki yi haƙuri. Abin da muka yi a baya jahilci ne, yanzu Allah ya ganar da mu. Wannan abin da ke hannunki ba zai shiga gidan nan ba."

"Maman Falmata, ai dama..."

"Bari in gama!"

Ban gama da wuri ba. Na yi bayani a kan aƙida, na gangaro kan kamanceceniya da wasu al'ummu, na jefa kalmomin Larabci waɗanda ni kaina ban tabbata wasu ba sunayen magani ba ne. Matan layi suka fara leƙowa. Ya Hajja ta taso daga ɗaki da carbinta ta tsaya a bayana. Ganin jama'a sun taru sai na ƙara murya. Ita kuwa Maman Dauda tana tsaye, sai canza wa kular hannu take yi.

Da numfashina ya ƙare, sai ta cire murfin a hankali ta karkato min da kular. Babu komai a ciki. An wanke ta tas har tana ƙyalli. A jikin murfin kuma ga sunana, da jan farce, da rubutun hannuna.

"Kularki ce, wadda kika aiko mana da naman layya. Na ji wa'azinki ta katanga, shi ya sa bana ban zuba miki ba, kada in saka ki cikin zunubi. Na ga kuma bai kamata kayanki su ci gaba da zama a wurina ba." Ta ɗan rusuna ta gaida surukata da yaren tsohuwar. "Wushe, Ya Hajja."

Ina tsaye ina neman inda zan ajiye idona sai ga Modu ya shigo daga masallaci. Yana ganin kula ya washe baki.

"Yauwa, Allah ya kawo ki, Maman Dauda! Tun safe nake cewa yunwa, tana ce min in yi haƙuri, naki na nan tafe."

Wata a cikin matan ta yi dariyar da sai da ta dafa bango.

Ya Hajja ba ta yi dariya ba. Sai da Maman Dauda ta juya aka rufe ƙofa ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ranar da naƙudar Falmata ta kama ki, Modu yana Damaturu, wa ya ɗauke ki zuwa asibiti? Wa ya zauna a kanki har na iso? Ranar ba ki tambaye ta aƙida ba?"

Ta sa Modu ya kira mata ƙaninta Goni Bukar a waya, malamin da ya tsufa yana karantarwa, aka buɗe murya kowa na ji. Goni ya saurara, sannan ya ce shiga ibadarsu dai babu shi. Gaisuwar biki malamai sun yi saɓani a kai. Kyautar abinci kuwa da yawa sun halatta karɓa, wasu sun yi taka-tsantsan a kan naman da aka yanka don bikin, wanda zuciyarsa ba ta natsu ba yana iya bari cikin mutunci. Amma tozarta maƙwabci a bakin ƙofa, ya ce, bai san malamin da ya halatta ba.

"Ɗiyata, wane malami ne ya ba ki wannan fatawar?"

"Ban san sunansa ba, Baba Goni."

"To me ya ce a ƙarshe?"

"Caji ne ya ƙare."

Sai na ji yana ta gyaran murya. Daga baya na gane dariya yake dannewa.

Ya Hajja da kanta ta tasa ni gaba zuwa gidan Maman Dauda, gida cike da baƙi 'yan cocinsu. Na durƙusa na ba da haƙuri, muryar nan da ta cika layi ɗazu ta koma kamar ta sauro. Matar nan ta ɗago ni ta ce ya wuce, amma na ga idonta ya yi ja, kuma wannan ya fi dariyar matan layi yi min ciwo. Sai da aka kwana biyu kafin ta koma leƙo ni ta katanga kamar da. Abinci kuwa a ranar ya riga ya ƙare a gidanta, ko ƙanzo ba mu tarar ba. Garin kwaki muka jiƙa, ni da Modu da surukata, babu mai kallon wani.

Har yau in na bi ta bakin famfo sai na ji wata ta ce, "Malama, akwai tambaya." Ba na juyawa. Na dai koyi abu ɗaya: fatawa aikin masu ilimi ce, in kuma shaiɗan ya matsa maka sai ka yi, to ka bari a buɗe murfi tukuna.