Honarabul Sashe a Layin Ƙato Bayan Ƙato

Keffi ba ta rasa masu ilimi ba, amma ilimin Honarabul Husaini da buhu aka auna shi. Kansilan riƙo ne a wata ƙaramar hukuma da ba sai mun kama suna ba. Babu wanda ya taɓa zaɓensa, daga sama ake jefo sunansa duk lokacin da aka rushe majalisa. Mutanen unguwa suna kiransa Sashe, don ko kuɗin doya ka tambaye shi, sai ya gyara hula ya ce maka bisa tanadin sashe na kaza.

Mutum ne mai hidimar jama'a, shi ya sa jama'a ba sa ganinsa. Litinin yana Abuja, Laraba yana Abuja, Juma'a yana cikin cunkoson Mararaba, gilashin mota a rufe. In an yi rasuwa direbansa yake turawa gaisuwa, wani lokacin ma direban ya shiga gidan da ba a mutu ba.

Ranar da Kotun Ƙoli ta ba ƙananan hukumomi 'yancin cin gashin kansu, ba wanda ya kai Sashe murna. Kanun labarin kawai ya ji a rediyo ya kashe: kason kuɗin tarayya zai riƙa zuwa musu kai tsaye. Nan da nan ya sa aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka soya kaji, ya hau benci.

"Jama'a, mun fita daga ƙangi. Shekara da shekaru ina faɗin wannan magana a Abuja, sai yanzu alƙalai suka fahimce ni."

Sai da aka tanɗe ƙasusuwa wani ya kunna rediyo, aka maimaita labarin har ƙarshe. Ashe hukuncin ya ce sai zaɓaɓɓu, 'yan riƙo kowa ya kama gabansa. Sashe ya yi dariya ya ce ai shi dama jama'a ke roƙo ya fito. Amma a zuci lissafi yake yi. In kujera ta tafi, mota ta tafi, kuma shi bai san me ake yi da Husaini tsurarsa ba Honarabul a gaba.

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma Sashe ya gwada. Ya shiga zagayen unguwa da ƙafa. Ya yi wa Malam Isma'ila tela ta'aziyyar mahaifinsa, tsohon kuwa yana zaune a zaure yana jin su. Ya leƙa gidan Lea nas ya yi mata barka da haihuwa, jaririn da ake magana shi ya kawo masa kujera. Duk da haka ya koma gida yana cewa farin jini ma wahala ne.

Jam'iyya ta ce zaɓen fidda gwani ƙato bayan ƙato za a yi, kowa ya tsaya bayan wanda yake so a ƙirga. Abokin takararsa Ezra ne, mai kemis ɗin bakin tasha. A filin firamare Sashe ya tsaya cikin babbar riga mai aska, da wata ƙatuwar lema a hannu. Manya ba sa waiwaye, don haka bai waiwaya ba. Yana jin hayaniya a baya, har yana jin numfashin mutum a ƙeyarsa, sai ya ƙara ɗaga kafaɗa yana tausayin Ezra.

Jami'in ƙirga ya gama da layin Ezra yana share gumi, ya zo na Sashe. Tsohuwa Anjelina mai doya ce tsaye, ita kaɗai. Jami'in ya ɗaga biro ya ce, "Ɗaya."

"A'a ɗana, goge," in ji ta. "An riga an ƙirga ni wajen Ezra. Inuwar lemar nan na raɓa."